Wa Zai Gaji Tsohon Gidan Burodi?

Duk wanda ya tashi a lungunan Ƙofar Na'isa a shekarun da na tashi, hancinsa ne yake fara sanin asuba ta kusa kafin kunnensa. Tun ladan bai yi kiran farko ba, ƙamshin burodi ya riga ya haura katangu ya shigo tsakar gida, haɗe da hayaƙin ɗanyen itace da ƙaurin man da ake shafa wa gwangwani. Gidan burodin yana bayan layinmu, ɗan taku kaɗan daga ganuwa. Dogon gini ne na bulo, rufin kwano mai tsayi, da ƙofar ƙarfe mai faɗin da a-kori-kura za ta shiga da baya a sauke buhunan fulawa. Mu yara ba a barinmu mu wuce bakin ƙofa, amma mukan tsaya da kwanon sha a hannu muna jiran wanda ya ƙone ko ya karye, domin shi ake sayarwa a rabin kuɗi, wani lokacin ma a ba mu kyauta idan maigidan ya tashi da fara'a.

Sai da na yi wayo na samu shiga ciki, albarkacin wani maƙwabcinmu da ke aikin gashi. Na tarar da matasa tsirara daga ƙugu zuwa sama, gumi na tsiyaya, sun kewaye wani dogon kwami na katako suna kwaɓi da hannu har gwiwar hannu. Gefe guda injin murji yana ruri, mutum ɗaya na tura ƙullun, wani na tarewa, a ninka a sake turawa har ya yi santsi kamar fatar da ta sha jima. Maƙwabcin namu ba shi da kan yatsa ɗaya, injin nan ne ya cinye shi, kuma da dariya yake ba da labarin. Daga nan sai teburin yanka da sikeli, sai jerin gwangwanaye baƙaƙe ƙirin da aka lulluɓe ana jiran ƙullu ya tashi. Can ƙurya kuma ɗakin gashin ne, ginin jan bulo mai ƙusurwar baka kamar ƙaramin soro. A cusa masa itace ya ci har bulon ya yi fari, a kwashe garwashin, a goge ƙasan da jiƙaƙƙen buhu a kan sanda, sannan a fara zura gwangwanaye da wata doguwar matuƙa mai faffaɗan kai. Babu agogo, babu ma'aunin zafi. Mai gashi yakan zura hannu bakin ƙofar ya ƙirga a zuci, ya ce a zuba ko a dakata.

Yau ƙofar ƙarfen nan kwaɗo ne a jikinta, ya yi tsatsa har ya zama launin ƙofar. Awakin unguwa sun sami inuwa a gindinta. Makonni kaɗan da suka wuce na ga mutum biyu da igiyar awo suna zagaya ginin, ɗaya na faɗa, ɗaya na rubutawa a bayan hannunsa. Ban tambaye su ba. A Kano idan ka ga igiyar awo a jikin tsohon gini, katafila tana hanya, bayanta kuma shaguna ne hawa biyu masu ƙofar birgima.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a majalisa: burodi kuma har wani tarihi ne? Abincin Bature da aka kawo mana jiya? Ai tarihi shi ne Gidan Rumfa da Dala da Kurmi. Ina ganin nan ne kuskurenmu yake. Mun ɗauka tarihi sai abin da sarki ya gina ko ya zauna a ciki, alhali yawancin Kanawa ba a fada suka yi rayuwarsu ba. A karofi suka yi ta, da majema, da maƙera, da masaƙa, daga baya kuma a kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa, da irin wannan gidan burodi da ya ciyar da gidaje masu yawa, ya aurar da samari, ya kai wasu Makka.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa gasa alkama baƙon abu ne a birnin nan. Tun kafin Turawa su shigo a 1903 ana noman alkama a fadamun ƙasar Kano, ana yin alkaki da finkaso da taliya. Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna a Dandalin Turawa su suka bar mana gurasa, har ta zama tamu, muka ƙirƙira mata bandashe, muka haɗa ta da tsire, har wani gari idan aka ce gurasa sai a ce Kano. Tanderun ƙasa da mata ke manna gurasa a cikinsa kakan wancan ɗakin gashi ne. Burodin gwangwani shi ne ya zo daga baya, ta bakin teku. A Legas wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, ya shahara da shi har ake masa laƙabi da sarkin burodi, kuma shi ake dangantawa da yaɗa injin murjin da ke ba burodin Najeriya danƙonsa. Jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, ya hauro da fulawa da masu sana'ar. Da farko abin na Sabon Gari ne. Sannu a hankali ya ƙetaro ganuwa ta kan teburin mai shayi, wanda shi ne ainihin dillalin burodi a ƙasar Hausa: lebura da ɗan dako da direba da ɗan makaranta, duk wanda ya fito kafin a dama koko a gida, wajensa yake karyawa.

Da aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, sannan aka buɗe injin niƙa na Northern Nigeria Flour Mills a Bompai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ya cika gari, sai gidajen burodi suka yi ta tsirowa a unguwanni kamar an yi shuka. Namu ɗaya ne daga cikinsu. Alkamar kuwa ba ta fadamunmu ba ce, daga Amurka jiragen ruwa ke kawo ta. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi sukutum a 1985 mai suna The Wheat Trap, a kan yadda Najeriya ta faɗa tarkon abincin da ba ta nomawa. Shekara biyu bayan haka, a 1987, gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama. Na tuna burodin wancan lokaci sarai: an cakuɗa masara da dawa, ya ƙi tashi, ka gutsura ya zube maka a cinya kamar dambu. Manoman Kadawa da Kura, masu shan ruwan Tiga, sun ɗan dara na 'yan shekaru, kafin a janye haramcin a 1992 alkamar waje ta dawo ta danne tasu. Wanda yake son ya koya wa ɗalibi abin da ya sami tattalin arzikin ƙasar nan daga hawan farashin fetur zuwa tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, ba sai ya wahalar da allo ba. Ya kai shi ɗakin gashin nan ya ba shi labarin buhun fulawa.

Abin da ya kashe gidan ba a ɓoye yake ba. Fulawa da sukari da itace suka yi ta hawa. Hukumar NAFDAC a zamanin Dora Akunyili ta matsa wa masu zuba sinadarin buromet mai kumbura burodi, kuma ta yi daidai, sai dai ƙananan gidaje da yawa da shi suke rufe giɓin riba. Sababbin gidaje masu injin lantarki da leda mai tambari da motocin rarrabawa suka ƙwace kasuwa. Sannan maigidan ya rasu. A gaskiya wannan na ƙarshe shi ne ya rufe ƙofar. Ya bar mata da 'ya'ya masu yawa, babu wanda ya koyi sana'ar a cikinsu, kuma gini ba kuɗi ba ne balle a kasa shi kashi-kashi. Aka rufe ana jiran a daidaita. An fi shekara goma ana jira.

Ɗaya daga cikin magadan sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Da na yi masa maganar, sai ya dube ni ya ce: "Malam, kai marubuci ne, ƙamshi kake tunawa. Ni ƙannena mata uku ne zawarawa, kowace da marayu. In ce musu su ci tarihi?" Ban sami amsa a take ba, kuma duk wanda zai yi maganar adana tsofaffin gine-gine a garin nan bai shirya amsa wannan tambaya ba, to hira kawai yake yi. Haƙƙin magaji Allah ne ya yanka masa. Babu marubuci ko gwamna da ke da hurumin cewa marainiya ta haƙura da rabonta domin mu riƙa wucewa muna jin daɗi.

To amma kafin a kira katafila, a ɗan taka zuwa bakin titi a dubi ƙofar da unguwar ta ci sunanta. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, tana cikin kayan tarihin da dokar tarayya ta ba kariya, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Duk da haka a 2010, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Hukumar ta yi ƙorafi, jaridu suka rubuta, masana suka yi Allah-wadai, ƙura ta lafa, aka gina ta siminti a gurbinta. Ba zan yi ƙarya ba, tsohuwar ƙofar ta yi wa motoci kaɗan, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a cikinta da mara lafiya a mota ba zai yi mata kuka sosai ba. Sai dai iyayenmu sun taɓa fuskantar wannan matsala, suka warware ta ba tare da rusau ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da mota ta zo, sai aka huda ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa, aka bar tsofaffin a inda suke. Mu da muka fi su injiniyoyi muka rasa dabarar da za ta kewaya da titi ta gefen soro guda.

Darasin da na ɗauka daga wannan rana mai ɗaci ne. Idan ƙofa mai ɗaruruwan shekaru, mai doka a bayanta, mai Sarkin Ƙofa, ba ta tsira ba, wace takarda ce za ta tsirar da gidan burodi? Abin da na lura da shi a Kano shi ne gini yana rayuwa ne muddin akwai masu shiga da fita cikinsa kullum, masu share shi, masu toshe yoyonsa kafin damina, masu tashi tsaye idan aka taɓa shi domin abincinsu na ciki. Gidan Makama tun ƙarni na 15 yake, zamanin Rumfa, kuma bai kawo yau don an kulle shi ba: ya yi gidan sarauta, Turawa suka yi ofis a ciki, wani sashe ya zama makaranta, yanzu gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna ya fara makarantar boko a 1909, yana tsaye domin an ba shi aiki. Sinimar Palace ta cikin gari, wadda malamai suka yi ta tsinuwa a kanta, ba rushe ta aka yi ba, asibiti ta koma. Dogon benen Gidan Ado Bayero na Ƙofar Nassarawa ya daɗe yana zaman jiran tsammani, sai da aka kafa Jami'ar Northwest a 2012 aka zuba masa ɗalibai ya farfaɗo. Karofin Ƙofar Mata ma, ranar da marini na ƙarshe ya ajiye sandarsa, shekara ba za ta zagayo ba sai an cike ramukan an yanka filoti.

A ɗaya gefen kuma ga Otal ɗin Daula. Wata gwamnati ta miƙa shi ga 'yan kasuwa suka yi sabon gini, wadda ta gaje ta ta aika katafila a watan Yunin 2023 ta kwantar da abin da aka gina. Kowane ɓangare yana da hujjarsa da magoya bayansa, ba ni shiga. Abin da na sani, siminti da rodi na maƙudan kuɗi sun zama ɓaraguzai, Daular da muka sani kuma ba ta dawo ba.

Mutanen wasu ƙasashe sun riga mu gane cewa tsohuwar masana'anta jari ce. A birnin New York na Amurka akwai katafaren ginin kamfanin biskit na Nabisco, inda aka fara gasa biskit ɗin Oreo a 1912. Kamfanin ya tashi ya bar shi, ya yi shekaru yana lalacewa, sai a 1997 aka buɗe shi a matsayin kasuwar abinci mai suna Chelsea Market, ofisoshi a sama. Ba su fente jan bulon ba, ba su cire tsofaffin bututai ba, domin su ne abin da mutane ke zuwa gani. A 2018 kamfanin Google ya saye shi a kan dala biliyan 2.4. A nan Afirka ma, rumbun hatsin tashar jiragen ruwa ta Kef Tawun, wanda aka gama a 1924, an fafe cikinsa aka mai da shi gidan adana zane-zane na Zeitz a 2017. Ba na kawo su don mu kwaikwaya ba. Waɗancan wurare na masu hannu da shuni ne da 'yan yawon buɗe ido, kuma sau da yawa gyaran nan shi ke korar talakan unguwa saboda tsadar haya. Idan aka mai da gidan burodinmu wurin shan gahawar da kofi ɗaya ya fi kuɗin cefanen gida, an ceci bulo an kori mutane, ni kuwa mutanen nake ji. Abu ɗaya na ɗauko daga can: mai kuɗin da ya fi kowa iya lissafi ya duba tsohon gidan biskit ya ga ya fi sabon gini daraja.

Mu namu amfanin yana kusa, ba sai an je nesa ba. A watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a cikin birni saboda tsadar fulawa, har suka ce za su ajiye sana'ar. Duk wanda ya shiga gidan da ake gurasa ya san halin da suke ciki: tanderu a tsakar gida, hayaƙi a idon uwa da na goyo, kowace tana sayen itacenta ita kaɗai, tana auno fulawa kwano-kwano a farashin da ya fi na buhu. Ga kuma gini a kulle, mai rufi mai tsayi da hayaƙi ke samun hanyar fita, mai sito, mai rijiya, mai ƙofar da mota ke shiga. Me zai hana ƙungiyarsu ta karɓe shi haya na shekara goma ko ashirin, su sayi fulawa a dunƙule, su jera tanderu a inuwa ɗaya? Sashen gaba ya ishi masu alkaki da dubulan da cincin ɗin biki su baje kaya. Tsohon ɗakin gashin, wanda bulonsa bai tsage ba, mai gyara ya duba shi, ko a juya shi ya koma aiki da gas domin a huta da sare dazuka, maƙwabta ma su huta da tari. Idan ma ba gurasa ba, teloli nawa ne a unguwar nan ke ɗinki a zaurukan aro?

Ga amsar da na koma na ba abokina, bayan na kwana ina juya tambayarsa. Kuɗin sayarwa sau ɗaya ake karɓa. Idan aka raba shi tsakanin mutum ashirin, a yadda naira ke narkewa yanzu, rabon kowace ƙanwa ba zai sayi ɗaki a Ɗorayi ba, kuma kafin shekara biyu ya bi ruwa. Haya kuwa duk shekara take zuwa, ana sabunta ta da tafiyar zamani, a raba ta bisa ƙa'idar gado kamar yadda za a raba kuɗin sayarwa, filin kuma yana nan yana ƙara daraja da sunansu. Wanda ya matsu a cikinsu, sauran su sayi kasonsa. Shari'a ba ta ce dole sai an sayar ba, cewa ta yi a ba kowa haƙƙinsa. Akwai kuma ƙofar waƙafi. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma attajiranmu ba su gaza wajen gina masallatai ba, har wani layin ma uku ne suna kallon juna. Ɗaya daga cikinsu ya sayi irin wannan gini a farashin kasuwa, magada su karɓi kuɗinsu cif, ya tsayar da shi waƙafi ga mata masu sana'a. Ban ga malamin da zai ce ladan wannan bai kai ba.

Gwamnati ba na roƙonta kuɗi, don na san inda roƙon ke ƙarewa. Abu biyu kawai. Hukumar KNUPDA, wadda ke ba da izinin gini, ta riƙa tura mutum ya leƙa kafin a rushe duk wata tsohuwar masana'anta, ya ɗauki hoto, ya rubuta shekarunta da aikin da ta yi, ko da a ƙarshe rushewar za a yi. Sassan tarihi da na zanen gine-gine na Jami'ar Bayero, wadda tsohuwar harabarta ke kan titin nan namu, suna da ɗaliban da ke neman abin bincike. Na biyu, wanda ya zaɓi gyara a kan rusau a sassauta masa harajin fili na wasu shekaru. Yanzu yadda abin yake, mai rushewa da mai gyarawa kuɗi ɗaya suke biya.

Ba kowane kango ne ya cancanci wannan wahala ba, na yarda. Wani ginin tun ranar da aka yi shi algus ne, rushe shi rahama ce ga maƙwabta. Amma na tsofaffin masana'antu galibi an yi su ne lokacin da buhun siminti ake zuba shi a matsayin buhu, kuma duk maginin da ya ƙwanƙwasa bangon gidan burodin nan da guduma zai gaya maka ya fi shagunan da za a ɗora a gurbinsa ƙwari.

Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta gidan tsohon maƙwabcin namu mai gashi. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a kan buzu a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka ji ana auna gidan burodi?" Ya ce ya ji. Ya yi shiru, sannan ya sa jikansa ya shiga ciki ya jawo wani abu daga saman rumfa. Matuƙar nan ce, doguwa, kanta ya ƙone ya yi baƙi, inda hannu ke riƙewa ya lotsa ya yi sheƙi. Ya ce ranar da aka rufe gidan ya fito da ita, ba wanda ya hana shi. Ya shafa ta da hannun nan mai guntun yatsa, ya ce: "Ɗan nan, in za su fasa, ka ce musu su fara ta gaba. Ɗakin gashin su bar shi ƙarshe. Bulonsa daga nesa aka kawo shi, ba ya jin wuta, ko masu gurasa aka ba su za su yi murna." Na ce zan faɗa. Abokina ya ce magada za su zauna bayan Sallah, kuma ya yarda in zo in yi magana, da sharaɗin in taho da wanda zai faɗi nawa zai biya a shekara.